Ƙafar Kuloci

Shekara ashirin da shida Dogo ya yi yana tuƙa bas ɗin kamfani a cikin gari, ko akuyar wani bai taɓa shafa ba. Abin da ya karya shi kujerar roba ce. Ya hau zai canja ƙwan fitila a ɗakinsa, ƙafar kujera ta lanƙwashe, ya zube a kan gwiwarsa ta hagu. Har yau in aka tambaye shi yadda aka yi, sai ya ɗaure fuska ya ce tsautsayi ne, ya ɗauko wata maganar.

Wata uku ƙafar ta yi a cikin filasta. Ranar da aka yanke filastar, ya tsaya yana duban abin da ya fito daga ciki. Cinyar da a da tela ke ƙorafi a kanta ta koma kamar muciya, fata na reto. Kuma ƙafar hagu ita ce ta kuloci.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai ƙafa ƙafa ce. Amma motar Dogo, wadda kowa a gareji ke kira Lamba Tara, tsohuwa ce, kulocinta kamar ana taka dutse. Hanyarta kuma akwai wani hawa kafin gada, da danja a tsakiyar hawan, inda direba ke tsayawa da mutum sittin a bayansa yana jan mota taku-taku cikin cunkoso. Dogo ya shigo garejin nan ne da soso da bokiti yana wanke tayoyi. Daga nan ya yi kwandasta shekara bakwai, yana kallon ƙafafun direbobi fiye da yadda yake kallon fasinja, har ran da aka miƙa masa makulli. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, ba shi da wata ƙungiyar ƙwallo. Lamba Tara ce hirarsa.

Manaja bai ɓoye masa komai ba. "Sati shida na ba ka, Dogo. Litinin ɗin da ta biyo baya ni da kaina zan zauna a gefenka. In ƙafa ta ɗauka, ga motarka. In ba ta ɗauka ba, akwai kujera a bakin ƙofa, ka riƙa rubuta lambar motocin da suka fita."

Dogo ya san kujerar. Direbobi uku ya gani sun zauna a kanta, kuma ya ga yadda ake ɗaga musu hannu ta taga ba tare da an rage gudu ba.

Likitar gashin ƙashi a asibiti, wadda ba ta kai 'yarsa ta fari a shekaru ba, ta ba shi takarda mai zane-zane. Wani siririn mutum ne a jiki, nan ya tsuguna, nan ya kwanta ya ɗaga ƙafa, nan ya jefa ƙafa ɗaya gaba ya durƙusa. A kowane zane mutumin shi kaɗai ne a fili fetal, ko takalmi babu a kusa da shi.

Dogo kuwa ɗaki da falo gare shi a hawa na biyu. Falon, rabinsa firjin matarsa ya cinye, wani dogon firji kwance da take daskarar da ƙanƙara a ciki, abin da ya sa duk layin ke kiranta Mai Ƙanƙara. Sauran rabin kujera ce mai zaman uku, da kabad ɗin kwanuka, da buhunan leda, da kula guda huɗu. A ɗaki, tsakanin gado da durowar kaya taku biyu ne na mutum madaidaici. Dogo ba madaidaici ba ne, ba a banza aka sa masa sunan ba.

Ranar farko ya jefa ƙafa gaba kamar yadda zane ya nuna, gwiwarsa ta daki murfin durowa, akwatin da ke sama ya sauko ya gaishe shi a kafaɗa. Ya kwanta zai ɗaga ƙafa, kai a ɗaki, sawu a falo, Mai Ƙanƙara na tsallake shi da bokitin ruwa tana cewa, "A gafara dai, gadar gida." Ya fita matakalar bene yana hawa ɗaya yana sauka, kafin ya yi goma maƙwabta huɗu sun tsaya.

"Sannu Dogo, mantuwa ka yi?"

"A'a."

"To me kake nema? Ko makulli ne ya faɗi?"

Ya koma ciki ya samo bulo yana hawa yana sauka a kai. Bai kai minti biyu ba tsohon akawun da ke ƙasansu ya fara dukan silin da sandar goge-goge, sannan ya hauro da kansa, yana haki, ya tambaya cikin ladabi ko injin niƙa aka kawo.

Dogo ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin katifa. Yarinyar likitar nan, in ji shi a ransa, ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba. Shi ya san abin da ƙafa ke bukata, takawa ce. Ya samo tsohon tiyub ɗin babur, ya zarga a ƙafar gado, ya zauna a ƙasa ya ba gadon baya, ya saƙala tafin ƙafa a cikin robar ya tura. Gado ya biyo shi da ƙara.

"Maman yara! Zo ki ɗan hau gadon nan."

Ta leƙo, hannunta sharkaf da ruwa. "In hau in yi me?"

"Ki zauna kawai. Nauyi nake so."

"Au, abin da na koma ke nan? Shekara talatin da aure, yau na zama dutsen danne gado?"

"Minti biyar ne fa."

"Ai gara da ka faɗa min amfanina a gidan nan kafin in mutu."

Ta hau dai, da ledojinta a cinya tana ƙullawa. Haka aka yi sati uku, safe da yamma. Taka, saki, taka, saki, da sauri kamar mai canja giya a buɗaɗɗiyar hanya. Ya kai hamsin, ya kai ɗari. Cinya ta fara cikowa. In ya gama sai ya mare ta da tafin hannu ya ce wa matarsa, "Taɓa ki ji." Ita kuma ta ce ta ji tun daga nan.

Ranar komawa asibiti ya shiga yana taku kamar soja. Ya gaya wa likitar ɗari yake yi a zama ɗaya.

"Ɗari na wanne, Baba? Wanne daga cikin takardar?"

"Takardarki, 'yata, sai mai filin ƙwallo a ɗakinsa. Na haɗa nawa."

Ta saurari bayanin tiyub har ƙarshe, ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta ajiye a bayansa. "To madalla. Ɗaga ƙafar dama kaɗan. Yanzu zauna da ta hagun, a hankali, ina ƙirga biyar."

Ta ce ɗaya. Tana cewa biyu gwiwar ta saki, ya faɗa kujera tim, har haƙoransa suka haɗu.

"Kujerar ta yi ƙasa da yawa," in ji shi.

"Sake."

Ya sake. Wannan karon ko biyun ba a kai ba.

Ta zauna a gabansa, ta ajiye biro. "Baba, ni ban iya mota ba. Koya min. Me ya fi wuya a kuloci?"

Nan ta taɓo inda yake so. Ya gyara zama. "Kin ga takawa, ko jaki aka ɗora a kujerar zai taka. Sakin ne aiki. Ki kawo shi rabi ki riƙe, ki ji mota ta fara ɗaukar nauyinta, sannan ki ba ta kaɗan-kaɗan, kamar mai sauke tulu daga ka. In kika sake shi gaba ɗaya, mota ta yi tsalle ta mutu, tsofaffi su zube a kan juna. A hawan gada kuwa, sai ki riƙe shi rabi har..."

Ya sunkuya ya dubi ƙafarsa ta hagu. Ita ma kallon gwiwarsa take yi.

Har ya iso gida bai daina tsaki ba. Sati uku cur ya ɓata yana koya wa ƙafarsa aikin jaki, kuma da bakinsa ya faɗa.

Abu biyu ta ce ya yi, sauran ya bar su. Ya riƙa zama a kujera sannu a hankali yana ƙirga biyar. Sannan ya jingina bayansa da bango, ya zame ƙasa kamar mai zama a kujerar da babu, ya riƙe har cinya ta yi zafi. Na kujera ba matsala. Bango ne babu. Ya zagaya ɗaki da falo da ido: inda ba gado akwai durowa, inda ba kabad akwai ƙusoshi da kaya a rataye. Ya gwada jingina da gefen firji, firji ya ja baya, filogi ya fita daga soket ba wanda ya lura. Sai da la'asar, mai sayar da lemo ya zo ɗaukar ƙanƙara, aka buɗe aka tarar da ledoji na iyo.

Abin da Mai Ƙanƙara ta faɗa ranar, tsohon akawu ya ji shi daga ƙasa ba tare da ya hauro ba. Da ta gaji ta zauna a hannun kujera tana fifita da murfin kula. Can ta nuna da haɓa.

"Ga bangonka can."

Bayan ƙofar falo ne. Shi kaɗai ne wuri a gidan da ba a jingina komai ba, don ciki take buɗewa.

Daga ranar, duk mai son ƙanƙara sai ya yi haƙuri da cinyar Dogo. A ƙwanƙwasa, a ji murya daga ƙasan ƙofa, a shaƙe, "Ashirin da ɗaya... ana zuwa... ashirin da biyu..."

"Lafiya kuwa, Mai Ƙanƙara?"

"Lafiya lau, maigidan ne ke gadin ƙofa. Baban yara, matar mutane na tsaye fa!"

"Ta jira... talatin."

"Jiya a ashirin ka tsaya, yau don ka ga ina da ciniki ne?"

Gumi na ɗiga daga haɓarsa, cinya na rawa har ƙyauren ƙofar na kaɗawa. Ya tsani abin nan fiye da filasta. Babu motsi a cikinsa, babu ɗari da za a yi alfahari da ita, mutum ne kawai zaune a kan iska yana shan azaba a bayan ƙofarsa. Amma a sati na biyar ya kai minti guda. A na shida ya zauna a kujera da ƙafa ɗaya har biyar, ba a ji ƙarar komai ba. Bai kira kowa ya taɓa ba.

Litinin da hantsi Manaja ya zauna a kujerar gaba, babban makanike ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙarfe. Motar ba fasinja, amma hanyar ita ce dai, kuma cunkoson bai san ana gwaji ba. Suka iso hawan gada suka tarar da layi tun daga gindi. Wata ƙaramar mota ta zo ta manne a bayan Lamba Tara kamar za ta shige ƙarƙashinta.

Danja ta ba da hannu, aka matsa tsawon mota uku, aka tsaya. Ta sake, aka matsa biyu. A tsayuwa ta uku cinyar ta fara rawa. Dogo ya ji ta tun daga ƙugu, ya ga wandonsa na karkarwa, ya kuma san Manaja ya gani. Saura mota huɗu a gabansa, jar fitila ba ta da niyyar canjawa.

Ya kai hannu ya ja birkin hannu, ya fitar da motar daga giya, ya sauke ƙafar a ƙasa. A gareji sababbin direbobi ake yi wa dariya da wannan, kuma shi ne kan gaba a dariyar. Makanike ya yi gyaran murya. Dogo bai waiwaya ba. Ya bar cinya ta huta numfashi goma, kunnuwansa na zafi.

Koriyar fitila ta kama. Ya taka, ya sa giya ɗaya, ya kawo kuloci rabi ya riƙe. Injin ya canja murya, gaban motar ya ɗan ɗaga. Ya sauke birkin hannu, ya ba ta kaɗan, ya ƙara kaɗan. Lamba Tara ta haye gada sumul, takardun da ke kan cinyar Manaja ko motsi ba su yi ba.

A gareji Manaja ya sauka, ya zagayo ta tagar direba. "Na ga rawar ƙafar nan, Dogo, kada ka ce ban gani ba. Zuwan safe kawai za ka yi har wata guda, yamma wani ya karɓe ka. Bayan nan mu sake dubawa." Ya ɗan daki jikin motar da tafin hannu. "Makullin na wurinka."

Ya wuce ofis. Dogo ya kashe mota, ya yunƙura zai tashi, ƙafar hagu ta ce ba da ita ba. Ta mutu murus tun daga cinya har yatsu. Ya koma ya zauna, ya ɗauko tsumma ya shiga goge gilashin mita da ba ƙura a kai.

"Sauko mana," in ji makanike daga ƙasa.

"Ina zuwa. Wata ƙara na ji a injin."

"Motar a kashe take fa."

"To ita nake tunawa! Kai wai ba ka da aiki ne?"

Makanike ya dube shi, ya dubi ƙafar, ya jingina da taya ya ciro ƙyalle yana goge hannu, kamar shi ma ba inda za shi. Suka ɗauki lokaci a haka. Da jini ya fara dawowa yana tsira masa allurai a tafin ƙafa, Dogo ya leƙo ta taga, fuska a murtuke.

"Wata huɗu da rabi ba na nan, a rasa wanda zai ɗiga wa kulocin nan ko maiƙo? Ɗauko gwangwanin, ina nan zaune har ka gama."