Sharar da Na Yi a Rumfar Baba

Jiya a ɗakin karatu wani ɗalibi ya wuce ta gefena yana ƙaurin baƙin mai, wataƙila babur ɗinsa ne ya ba shi wahala a hanya. Na kasa ci gaba da shafin da nake kai. In kai ma ka tashi a gidan bakanike, ka san wannan wari ba ya barin mutum.

Baba bai taɓa samun gareji a bakin titi ba. Rumfar kwano ce a tsakar gidanmu, tsakanin rijiya da madafa. A can ƙarshenta akwai tsohuwar a-kori-kura da ba ta da tayoyi, kaji na ƙwai a kujerar direba. Amma abin da ke ciyar da mu tarakta ce, ja, wadda ta girmi yayana. Da ita Baba ke yi wa manoman Maje haro da huɗa in damina ta kawo kai. Inna kan ce da ita da taraktar ba ta san wadda ta fi gajiya ba.

Duk shekara, in zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa, Baba kan kwance injin ya duba shi. Yakan shimfiɗa buhunan siminti a ƙasa, duk abin da ya cire ya ajiye: noti, kusa, washa, ƙananan ƙarafan da ban san sunansu ba. A idona hargitsi ne kawai. Doguwar kusa kusa da gajera, mai tsatsa gefen mai ƙyalli.

Ni kuwa yarinya ce marar magana, mai son tsari. Ina aji huɗu a firamare, littattafaina duk na yi musu riga da takarda. Wata Asabar Baba ya tafi Diko neman wani ƙarfe, Inna ta ce in share tsakar gida. Na share har bakin rumfa, na tsaya ina kallon buhunan. Sai tausayin Baba ya kama ni. Na samo gwangwanayen madara shida, na wanke kusoshin nan da kananzir ɗaya bayan ɗaya, na ware manya daban, ƙanana daban, na manna wa kowane gwangwani takarda mai lamba. Na kaɗe buhunan na ninke. Har la'asar ina aiki, ina jiran yabo.

Da ya dawo bai ko ajiye jakarsa ba. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasar da na share.

"Wa ya shiga nan?"

"Ni ce, Baba. Na gyara maka."

Ya tsuguna ya ɗaga gwangwani guda, ya girgiza shi a hankali. "Uwata, ke kina da littafi. Ni wancan shi ne nawa. Daga dama nake jerawa zuwa hagu, kamar allo. Wanda ya fara fita shi ke komawa ƙarshe."

Bai dake ni ba, bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi.

Aikin kwana uku ya zama na mako uku. Kowane rami sai ya gwada masa kusa huɗu ko biyar, don in doguwa ta shiga gurbin gajera tana iya fasa ƙarfen. Ina dawowa daga makaranta in tarar da shi a durƙushe, zufa na ɗiga daga gemunsa, sifana a haƙori. A mako na biyu ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da safe ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gida, amma babu wanda ya yi murna.

Wani dattijo daga Maje, wanda Baba ya shekara goma yana yi wa huɗa, ya zo kan keke sau uku. A na ukun bai zauna ba.

"Oga, ƙasa ba ta jira. Na kira mai tarakta na Diko."

"Ka yi daidai," in ji Baba. "Ni ma da haka zan yi."

Ranar da injin ya tashi, rabin gonakin sun riga sun tsira. Daminar nan tuwon dare ya zama koko sau da yawa, Inna kuma ba ta taɓa faɗin dalili ba. Wasu manoman ba su sake dawowa ba.

Yanzu ko sun so dawowa babu inda za a yi huɗar. In motar makaranta ta bi da ni ta Maje, bulo da rufin kwano nake gani inda dā dawa take. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun ɗauke a-kori-kurar tuntuni, kuma ba sa gajiya da sallama a kan taraktar. Baba ya ce a'a.

Shekara biyu ke nan da ya sake kwance injin, ya jera kayan a kan buhu. Kafin ya mayar, idanunsa suka yi hazo. Kayan suna nan, ƙura ta rufe su, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin noti da noti. Na san ba za su koma ba. Ina jin shi ma ya sani.

Duk Asabar ni ke shara har yanzu. In na kai bakin rumfa sai in karkatar da tsintsiya in zagaye. Yana zaune a kan tabarma, yana bin ƙarar sharar da kunne.

"Uwata, ba a taɓa ba ko?"

"Ba a taɓa ba, Baba."