Ƙaryar da Na Yi wa Likita a Kan Ƙanena

Ni mutumin Ɗan Isa ne, ɗan manoma. Kafin in lalace dako nake yi a kasuwar Ƙaura, ina loda buhunan gero da dawa, ba wanda ya taɓa kuka da ni. A wurin lodin nan wani ɗan dako ya jefa mini ƙwaya cikin baƙin shayi, ya ce in sha in ga aiki. Na kuwa gani, buhu ya koma mini kamar matashin kai. Daga nan sai soke buhunan mutane ina tsiyayar hatsi, daga hatsi sai awaki, kafin ka ce kwabo na zama ɗan tare hanya. Abin da ya fi muni, na jawo ƙanena Bala, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci da matarsa da goyo.

Da shari'a ta zo aka rufe gidajen giya. Da idonmu muka ga an zane wani mashayi a bainar jama'a, tsoron bulala ya shige mu. Masu rabo suka tuba. Mu kuwa 'yan banza sai muka ce giya ce mai wari, ƙwaya ba ta tona asiri, muka ƙara ƙaimi.

Wata ranar kasuwar Shinkafi, da la'asar, ni da Bala muka laɓe a hanyar Zurmi. Na ga Bala ya tsorata, sai na zazzage masa ƙwayoyi a tafin hannu na ce ya haɗiye duka. Can sai ga wani dattijo dillalin shanu a kan babur. Na sheme shi da gora ya faɗi. Yana cewa, "Ku ɗauki komi, ku bar ni da raina," amma Bala ya hau shi da duka kamar mahaukaci. Ya karya masa hannu, ya fasa masa baki, jini ya rine farin gemunsa. Da ƙyar na ɓamɓare shi, muka haye babur ɗin muka yi Ƙaura.

Ba mu yi nisa ba na ji ya cukuikuye mini riga. "Yaya, tsaya. Ƙirjina, kamar an aza mini dutsen niƙa." Gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya ce hannunsa na hagu ya mutu. Na cusa babur cikin wata gonar dawa, na tare mota, muka nufi asibiti.

Likitan da ke karɓar masu larurar gaggawa ya ɗora abin awo a ƙirjinsa, ya buɗe idonsa ya duba, sannan ya juyo gare ni. "Mi ya sha?"

Na ce, "Bai sha komi ba. Olsa gare shi, tun yana yaro."

"Malam, ni ba alƙali na ba. Zuciyatai na gudu. In ƙwaya ta, maganinta daban, kuma yanzu-yanzu ya kamata a ba shi. Gaya mani gaskiya."

Ni kuwa ba abin da nake hangowa sai an tuɓe mini riga a tsakiyar kasuwa, 'yan garinmu na kallo. Na rantse da Allah bai sha komai ba. Bala ya buɗe baki zai yi magana, na sa hannu ƙarƙashin zanen gado na murɗe masa yatsa har na ji ya yi ƙas. Ya dube ni. Har gobe wannan kallon bai bar ni ba.

Likita bai yarda da ni ba, amma aka kira shi ga wasu da mota ta kife da su. Ya sa aka ba Bala maganin olsa, ya ce a sa masa ido zai dawo. Kafin ya dawo Bala ya sanƙame, ya fara fizge-fizge, kumfa na fita ta bakinsa. Sai a lokacin na ruga ina ihu, "Ƙwaya ta! Ni na ba shi!" Likita da ma'aikatan jinya suka rufu a kansa, allura, danna ƙirji, ba abin da ba su yi ba. Ana kiran magariba suka ja masa zane. Likita ya cire safar hannu ya ce, "Da ka faɗa tun farko, da mun samu abin kamawa." Ko zagina bai yi ba, wayyo, da ma ya zage ni.

Daga asibiti na wuce tasha, na sami mai sayar mana da ƙwaya, na kife teburinsa, na yi ta buga kansa da benci har haƙoransa suka zube. Nan aka taru aka yi mini lilis, aka miƙa ni ga hukuma. Da aka tambaye ni abin da na sha, ban ɓoye ba. Aka yi mini bulalar maye a gaban jama'a, sannan gidan yari saboda raunin da na yi wa mutum. Bulalar nan da na sayar da ran ƙanena don gudunta, kafin mako ya zagayo bayana ya warke.

Da na fito bayan shekaru, na nemi dillalin nan har Zurmi na durƙusa. Hannunsa ya shanye, duk da haka ya ce ya yafe. Innarmu ma ta ce ta yafe, sai dai har ta rasu ba ta ƙara cin abin da na kawo gida ba.

Samari, ku bar ƙwaya, ba ƙarfi take ba ku ba, zuciyarku take ci. In kuma ƙaddara ta sa ɗan'uwanku ya sha, ya kama ƙirji, ku kai shi asibiti da gudu, ku faɗi abin da ya sha tun daga bakin ƙofa, ko da za a zane ku. Ni yanzu ni nake noma wa ɗan Bala abinci. Ya girma, kwanan nan ya tambaye ni ciwon da ya kashe babansa, na ce masa ba ciwo ba ne, ni ne.