Miyar Gyaɗa Mai Jiran Baƙo

Abin da ya fara ɗaukar idona a shagon gwaggona a Salaga shi ne farin hayaƙin da ya taso lokacin da ta ɗaga murfin sabuwar firizarta. Don ƙanƙarar sayarwa ta saye ta, amma ni aure na hango a ciki. A ƙananan littattafan soyayya da nake saye a kasuwa, budurwa ba ta tsugunawa gaban murhun gawayi tana fifita. Firji take buɗewa ta fito wa masoyinta da abinci.

Nawa masoyin ɗan kasuwar albasa ne daga Bawku. Ya aiko cewa ranar Juma'a zai biyo mu yi magana kafin ya turo manyansa. Na yi miyar gyaɗa da kifin Kete Krachi. Bai zo ba, na saka ta a firiza. Juma'a ta zagayo na fitar, ta narke a rana har la'asar, na mayar. Haka sau uku.

"Ke 'yar nan," in ji Gwaggo, "miyar da ta kwana tafasa ta ake yi har ta yi kumfa. Wannan kuwa zubarwa ta kamace ta."

"Gwaggo, wannan zamanin ɗumame ya wuce."

"To, Baturiya. Allah ya ba da sa'a."

Ranar da ya iso, motar Yendi da zai bi na shirin tashi. Na ɗora tukunyar, gefe ya ɗan yi ɗumi na sauke, don kada hayaƙi ya ɓata mini turare. Ina kallo ya kai loma, haƙoransa suka gamu da ƙanƙara. Ya dube ni, na sunkuyar da kai kamar yadda na karanta ana yi.

"Ta yi daɗi, Malam?"

"Ƙanwata, ban taɓa cin irinta ba."

Kunya ta sa ya cinye kwanon tas. Ni kuma na ɗauka so ne.

Daga baya matar direban motar ta ba mu labari: kafin Yendi sai da aka tsaya masa sau shida, fasinjoji suna ta miƙa masa buta. Kwana uku ya yi kwance a can, albasarsa na ruɓewa a tasha. Na yi wata biyu ina saka lalle ina jiran manyansa.

Yanzu Alhaji ne a Bawku, motocinsa har Kumasi suke zuwa. An ce duk direban da ya ɗauka aiki, sharaɗi ɗaya yake kafa masa: kada ya ci abinci a Salaga.