Amyar da Malam Ya Rataye a Saman Bene

Shin Malam ya san abin da na yi masa, ko kuwa ya tafi bai sani ba? Na gama takaba tuntuni, amma tambayar nan ba ta bar ni ba. Ina shara ta zo, ina dafa shayi ta zo, har a cikin salla tana zuwa, Allah ya yafe mini. Ni ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ce ke rubutawa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira, kada kuma ta gyara mini magana.

Mu Hausawan Sudan ne. Iyayen Malam sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, da niyyar hajji, yana goye a bayan uwarsa. Mahaifinsa yana da wata al'ada. Duk garin da suka sauka da nufin zama, sai ya saƙa amya, ya turara ta, ya rataye a bishiya. In ƙudan zuma ya shiga, sun zauna. In shekara ta juyo bai shiga ba, a ɗaure kaya a yi gaba. Da haka suka zauna a ƙauyenmu na bakin kogi. Tsohon ya rasu Malam bai fi shekara tara ba, don haka shi kansa bai taɓa kiwon zuma ba. Abin da ya sani shi ne abin da idonsa ya gani yana yaro.

'Yarmu muka biyo zuwa Alƙahira. Daga baya ita da mijinta suka sami hanyar wata ƙasa suka wuce, suka bar mu a unguwar Hayyin Ashir, a hawa na biyar, mu ne na ƙarshe kafin saman bene. Malam yana dafa shayi a wani ofis a unguwar Dokki, ni ina toya kisra, gurasar nan tamu ta Sudan, ina kai wa masu shaguna. Shekarar da gari ya rikice, 2011, masu ofis suka rufe suka tafi. A shekarar ce kuma likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, sai ya riƙa zuwa duk wata ana duba shi ana ba shi magani.

Mutumin da ya saba fita da asuba, sai ga shi a ɗaki. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa taga, ya buɗe rediyo, ya kashe. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Wata rana da hantsi ya shigo da tarin tsofaffin kejin kaji, irin na itacen ganyen dabino, ya zube a tsakar ɗaki.

Na ce, "Malam, kaji za mu fara?"

Ya ce, "Amya zan saƙa. Shekara nawa muna garin nan ban tambaye shi ba ko yana son mu."

Kwana goma ya yi yana saƙa yana warwarewa. Ta farko ta fito kamar kwandon wanki. Ta biyu ta fi kama, doguwa kamar ganga, da marfi a baya da ƙananan ramuka a gaba. Sai ya ce sai an yaɓe ta da kashin shanu. Ya tafi har ƙauyukan bayan Giza, ya dawo da shi cikin leda biyu a ƙaramar motar haya. Ya ce sau biyu direba yana tsayawa yana tambaya wa ya tako abu, shi kuwa ya kafe ido a taga kamar ba ya jin Larabci. Ranar ce na fara jin dariyarsa tun da aka rufe ofis.

Ya turara ta da kaki da ɗoɗɗoya. Babu bishiya a layinmu, sai ya rataye ta a saman bene, tsakanin ƙarfen dish guda biyu, a inuwar tankin ruwa. Ya kai kujerar roba ya ajiye.

Na ce masa, "A garin nan sayen ƙudan zuma ake yi. Har akwati gare shi."

Ya ce, "Wanda aka sayo ba don ni ya zo ba, tsohuwa. Ni wanda ya zo da kansa nake jira."

Shekara guda cur ya yi yana jira. Ya hau da safe, ya hau da la'asar. Ƙadangare ya shiga amyar, gizo-gizo ya shiga, tattabaru suka yi mata kashi. A Hayyin Ashir me zai kawo ƙudan zuma? Siminti ne da hayaƙin mota, sai 'yan bishiyoyin barikin da ke can nesa. Da sanyi ya wuce, lokacin da itatuwan lemo ke fure a ƙauyuka, ya sauke ta ya sake turarawa. Da ya sauko ranar, sai ya jawo akwatinmu daga kan wadirob ya kakkaɓe ƙura.

Ya ce, "In bana bai shiga ba, khalas, mu koma gida."

Na ce, "Wane gida? Wa ya rage mana a can? Likitan fa?"

Ya ce, "Haka Baba ya yi."

Na san Malam. Ba ya ɗaga murya, amma in ya ce khalas, to ya gama. Na kuma san a ƙauyenmu babu mai duba zuciya, hanyar ma kaɗai ta isa ta kashe shi. Akwatin nan ya zauna a bakin ƙofa a buɗe, kullum sai na kewaye shi in wuce. Na kasa ci, kisra ta riƙa ƙonewa a hannuna.

Akwai wata Bamisiriya da ke zuwa kasuwarmu daga ƙauye, tana sayar da cuku da zuma. Ita na gaya wa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta dube ni ta daina. Ta ce ƙanenta ne mai zumar, za ta yi masa magana ya kawo ƙudan ya zuba a amyar a ɓoye.

Muka sa ranar da Malam zai je asibiti. Kullum ni ke raka shi. Ranar na ce gwiwata ta kumbura, ya tafi da wani abokinsa na masallaci. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban taɓa yi masa ƙarya irin wannan ba.

Mai zuma ya zo da wani akwati mai raga, yana ta ƙugi. Da ya ga amyar ya yi murmushi, ya shafa ta da hannu. Ya ce kakansa ma irin wannan yake yi, amma da laka. Sannan ya nuna mini wani ɗan keji na katako da waya, bai fi ɗan yatsa biyu ba. Ya ce sarauniyar ce a ciki, an toshe ƙofar da alewa. Sauran za su cinye alewar su fito da ita, kafin nan sun saba da ƙamshinta. Ya tura kejin can ciki ya maƙale da waya, ya zazzage ƙudan, ya mayar da marfi.

Ya ce, "Bayan kwana huɗu zan dawo in cire kejin, ya Hajja. In an bar shi, duk wanda ya buɗe zai gane."

Da Malam ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya hau sama yadda ya saba. Na zauna ina sauraron takunsa. Shiru. Da shirun ya yi yawa na bi shi. Na same shi zaune a ƙasa, ba a kujera ba, hularsa a hannu, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Ya zo, tsohuwa. Zo ki gani. Ya zo."

Da yamma ya rufe akwati ya mayar kan wadirob.

Na ɗauka daga nan hankalina zai kwanta, ashe yanzu ne zai tashi. Malam ya tare a sama. In ba salla ba, ba ya saukowa. Yana dama musu ruwan sukari, yana kora zirnaƙo da silifa, yana yi musu hira. Kwana huɗu suka wuce, babu yadda mai zuma zai zo daga ƙauye ya hau ya sauka ba a gan shi ba. Kejin nan kuwa yana nan a ciki.

Ranar Juma'a, da ya tafi masallaci, na ce bari in cire da kaina. Na naɗe hannu da mayafi, na buɗe marfin baya, na zura. Ban taɓa ko wayar ba suka rufe ni. Na mayar da marfi ban san yadda na yi ba, na sauko ina tangaɗi. Kafin ya dawo idona ɗaya ya rufe, leɓena ya yi suntum.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya dube ni. Ya ce, "Wa na aura? Ba wannan na bari a gida ba."

Na ce, "Shanya na je kwashewa."

"Shanya a bayan tanki?"

"Iska ce ta kai ɗankwalina can."

Ya ce, "Iskar Masar ta san hanya."

Ya zaunar da ni a bakin taga, ya riƙa cire mini ƙarin da farce, ɗaya bayan ɗaya, yana hura wurin. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri. Baƙi ne, ba su san ke ce mai gidan ba." Na so in faɗa masa a lokacin. Bakina ya yi nauyi, kuma akwatin yana kan wadirob ina ganinsa.

Da wata ya zagayo, na aika wa mai zuma ta bakin yayarsa cewa Malam zai je asibiti. Ya aiko cewa lokaci ya wuce, sun riga sun yi saƙa a kan kejin, ba ya fita sai an fasa musu gida. A bar wa Allah.

Shekarar farko Malam bai ɗebi zuma ba, ya ce ba a tambayar baƙo abin da ya kawo tun bai huta ba. Shekara guda ke nan ina jiran ranar da zai buɗe marfin nan. In ya hau da wuƙa don yanke igiya, sai in ce yau ce. In ya kira ni daga sama, sai na tsaya na saurari muryar tukuna. Shi kuwa ya yi ƙiba, numfashinsa ya daidaita, likita har yana tambayar me ya canza.

Ranar ta zo da zafin shekara ta biyu, gab da magariba. Ya kunna tsumma a gwangwani don hayaƙi, ya rufe fuska da tsohon gidan sauro, na tsaya a bayansa da kwano. Da ya kama marfi sai ya waiwayo.

Ya ce, "Wannan kwanon ya yi ƙanƙanta. Ɗauko babban."

Na ce, "Babban yana wurin matar hawa na ɗaya, ta ara."

Ya ce, "To karɓo. Ba sauri nake ba."

Hawa biyar na sauka, hawa biyar na hau, da gwiwar da a ranar da gaske take ciwo. Kafin in iso ya yanko saƙa uku, ya mayar da marfi. Ƙaramin kwanon ma bai cika ba. Na dubi fuskarsa ta cikin raga, ban ga komai ba. Ya gutsuro ya sa mini a baki.

Ya ce, "Ba ta kai ta gida ƙamshi ba, amma ta yi."

Na tace zumar da hannuna, na murje kakin kaf, babu katako babu waya. Na wanke jallabiyarsa, aljihun ya yi danƙo, amma babu komai a ciki. Ko wuƙarsa ba ta kai wurin ba? Ko ta kai? Da muka zuba a 'yan kwalabe don rabawa, ya ware ɗaya ya ce in kai wa mai cukun nan ta kasuwa. Na ce me za ta yi da zuma, ita da ke sayarwa? Ya ce, "Tana da kirki."

Bayan rasuwarsa mai zuma ya zo ya ɗauke amyar ɗungurungum, don ni ba zan iya da su ba. Da na so, da na ce ya duba ya gaya mini ko kejin yana ciki. Yayarsa tana nan a kasuwa, duk mako muna gaisawa. Har yau ban iya buɗe baki ba.

Sanyin farkon 2015 ne ya kwantar da shi. Ƙafafunsa suka kumbura, hawa ɗayan nan na zuwa sama ya gagare shi. Kwana goma sha biyu yana kwance, ni ke hawa in dawo in ba shi labari, suna fita ko ba sa fita, da yawa ko kaɗan. Ranar ƙarshe da hantsi rana ta shigo ta taga, ya ce in tayar da shi ya jingina. Na ga yadda yake jan numfashi, na san in ban faɗa yau ba, ba zan faɗa ba. Na riƙe hannunsa.

Na ce, "Malam, akwai abin da nake so ka yafe mini. Maganar ƙudan nan ce. Ranar da ka je asibiti, da na ce gwiwata..."

Ya matse yatsuna. Idonsa a rufe yake, ban san ko murmushi ne a bakinsa ko ciwo ba.

Ya ce, "Bari tukuna, tsohuwa. In na tashi sai ki faɗa mini a sama, a gabansu."