Hular Aro da Yatsan Modu

Ni haifaffen Gwange ne. Iyayena mutanen Kano ne, kasuwa ta kawo su Maiduguri suka zauna. Boko aji uku na yi, a na huɗun malamin da kansa ya roƙi mahaifina a bar ni in huta, shi ma ya huta. Don haka yara, in kun ga rubutun nan ya karkace ku yi haƙuri, mai shi ma ya daɗe a karkace. Na yi dako, na yi tallan goro, na yi gadi aka sallame ni saboda barci. Abu ɗaya Allah Ya ba ni wanda ban sha wahala a kansa ba, shi ne fuska. Ina da fuskar mutanen kirki. Gemuna ya yi fari da wuri, ga tabo a goshi, wanda rabinsa na salla ne, rabinsa ƙofar shago ce ta buge ni.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, kwanakin nan rediyo ba ta da zance sai muhawarar da 'yan majalisa ke yi a Abuja kan gyaran harkar shari'a, musamman mutanen da ke tsufa a gidan yari suna jiran a saurare su. Duk sanda aka fara sai in kasa zama, don na san mutum ɗaya da ya yi irin wannan zaman, kuma ni na kai shi.

Sunansa Modu, mai wankin hula ne a Lamisula. A gindin wata darbejiya yake aikinsa: ya wanke hula, ya sa mata sitaci, ya kifa ta a kan gungumen itace ta bushe a tsaye. Babarbare ne mai ƙarancin magana, na girme shi nesa ba kusa ba, shi ya sa yake ce mini Baba. Da ba ni da aikin yi, a wurinsa nake yini, kuma ni ke kai wa masu huluna kayansu gida.

Wata Asabar ya ba ni hular wani Alhaji Grema, mai fataucin bandar kifi, in kai masa Abbaganaram. Hular Zanna ce mai aikin hannu, irin wadda ko a kan kabewa aka ɗora ta sai an gaishe da kabewar. A hanya na ce bari in gwada, gwaji kawai. Sai na bi ta wani gidan suna da hular a kaina. Ni da aka saba bari a bakin tabarma wajen takalma, ranar aka ja hannuna har kan darduma, ana “Alhaji, bisimilla, Alhaji, matso ciki.” Aka ajiye mini nama a kwano daban, har aka ce in rufe taro da addu'a. Na yi ta, kuma ta yi daɗi. Hular ba ta isa Abbaganaram ba sai Lahadi.

Daga nan duk hular da aka ba ni sai ta yi yini ɗaya a kaina kafin ta ga mai ita. Modu bai sani ba.

Kotu kuwa da alheri na fara shigarta. An kama ɗan maƙwabcinmu kan faɗa, aka ce sai dattijo ya tsaya masa beli. Na je da hular aro. Ma'aikacin da ke cike takardu ya dubi hular, ya dubi gemun, bai ko tambayi sana'ata ba. Ina fitowa wani dillalin bakin kotu ya tare ni, ya ce, “Baba, wannan fuskar kake yawo da ita a banza?” Na yi dariya. Washegari na dawo.

Ga yadda aikin yake, don ku gane shi in kun gan shi. In alƙali ya ba da beli, yakan ce a kawo mutumin kirki mai gida a cikin gari, wanda zai ɗauki alkawarin dawo da wanda ake tuhuma. Wanda ba shi da kowa sai a kawo shi wurina, in zama ubansa, ko kawunsa, ko maigidan da ya riƙe shi tun yana ƙarami. Takardar gida ɗaya muke da ita, suna kawai ake sauyawa. Gidan nan ba a taɓa aza masa ko bulo ɗaya ba, amma ya fitar da mutanen da suka isa cika unguwa. Sirrina shi ne hula. Ma'aikatan kotu ba sa riƙe fuskar tsoho, duk tsofaffi ɗaya ne a wurinsu, hula suke tunawa. Yau baƙa da zare ja, gobe ruwan toka da tabarau, jibi in karya ta gefe in ƙara ɗingishi. Har kuka nakan yi in an buƙata. Na taɓa yi wa wani kukan “ɗana, ɗana” alhali na manta sunansa, sai da ya raɗa mini.

Ina gaya wa kaina taimako nake yi. Ban taɓa tambaya ko ɗaya daga cikinsu ya koma kotu ba.

Ranar da abin ya lalace, an kawo wani mai damfarar filaye, alƙali ya ce mutum biyu za su tsaya masa. Wanda muka shirya da shi bai zo ba. Dillali ya ce ko in nemo wani kafin azahar ko aikin ya wuce ni. Na hau keke mai ƙafa uku sai Lamisula. Na tarar da Modu hannunsa duk kumfa.

Na ce, “Modu, taso ka raka ni, shaida kawai za ka yi cewa ka san ni.”

Ya ce, “Baba, ai na san ka. Sai an je wani wuri an faɗa?”

Na ce, “Haka bokon yake, sai an dangwala.”

Modu ya yi karatun allo, amma boko ko harafi ɗaya. Ya ɗauraye hannu ya biyo ni. Aka miƙo takarda, ya dube ni, na gyaɗa kai, ya sa babban yatsansa a tawada ya danna. A takardar an rubuta cewa shi mai gida ne a Lamisula, kuma ɗan damfarar nan ƙanin matarsa ne. A hanyar komawa yana ta goge yatsan a jikin bango, yana cewa kada ya ɓata wa mutane huluna.

Ɗan damfarar ya gudu. Aka bi takardun gida aka tarar babu gida. Aka kama mu tare, ni da hular Alhaji Grema a kaina, shi da burushi a hannu.

Nan ne wurin da biro ke mini nauyi. Da ake ɗaukar bayanina aka tambaye ni ko Modu ya san abin da ya dangwala wa. Na ce ya sani. Babu wanda ya taɓa ni, babu wanda ya tsorata ni. Gani na yi kamar in an raba laifin biyu nawa zai yi sauƙi.

A gaban alƙali kuwa ni ɗan gida ne, na san hanya. Ana karanta tuhuma na ce na aikata, a yi mini sassauci, ni tsoho ne. Aka yanke mini shekara biyu. Aka juya kan Modu, ya ce, “Ban aikata ba.” Gaskiya ya faɗa. Sai aka ce a tsare shi a ci gaba da shari'a, in yana son beli ya kawo mutum biyu masu gida. Wa zai zo? Duk Lamisula an ji cewa tsayawa beli ce ta kai Modu gidan yari, kowa ya ɓoye yatsansa a aljihu.

A gidan yari, mu da aka yanke wa hukunci muna da kayan sawa, muna da aiki, muna da ranar fita da muke ƙirgawa. Masu jiran shari'a ba su da ranar da za su ƙirga. A fita da Modu da safe, a dawo da shi da la'asar: yau alƙali ya yi tafiya, gobe mai gabatar da ƙara bai zo ba, wani lokacin babu motar kai su, daga baya aka ce ba a ga fayil ɗinsa ba. Wata rana na same shi a bakin famfo yana wanke hular wani gandiroba da ɗan guntun sabulu. Na tsuguna kusa da shi.

Na ce, “Modu, ka ji shawarar wanda ya san kotu. Ka ce ka aikata. Za a lissafa da zaman da ka yi, ƙila ma ka riga ni fita.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Baba, sau ɗaya ka sa na dangwala wa ƙarya ban sani ba. Yanzu so kake in yi da idona a buɗe?”

Na tashi na ba shi wuri. Ni mai laifin na cika wa'adina, aka buɗe mini ƙofa. Shi marar laifin na baro shi a bakin famfo.

Tun da na fito ƙafata ba ta tsaya ba. Na je kotu na ce a janye maganar da na faɗa a kansa, aka ce sai ranar zama, ranar zama kuma ba ta zo ba. Na ce to ni zan tsaya masa beli. Ma'aikacin ya yi dariya har ya kira abokan aikinsa su zo su ga abin mamaki. Da gaskiyarsa. Na tsaya wa mutanen da ban san sunansu ba an karɓa, ranar da na zo da gaske, ba ni da fuskar da za a karɓa. Na je gidan Modu, matarsa Falmata ta yi mini magana ta bayan labule. Ta ce, “Baba, gungumen hulunan ma mun fara hura wuta da su. In ba shi ka kawo ba, kada ka ƙara yin sallama a nan.”

A lokacin ne aka fara muhawarar majalisa. Nakan zauna wurin mai shayi da rediyo a kunne. Wasu na son a sa iyakar kwanakin da za a tsare mutum ba shari'a, wasu na tsoron kada miyagu su fice ta nan, wasu kuma so suke a tsananta wa masu belin haya irina. A wannan na ƙarshen nakan gyaɗa kai, mai shayi ya ce, “Baba, da kai fa suke.” In ce na sani, ai ban taɓa jin an yi maganata a Abuja ba sai yanzu. Ina ta jiran ranar da za a ce an gama, in ruga in gaya wa Falmata. Rannan sai na ji an miƙa batun ga kwamiti, an ɗage zama. Na ajiye kofin. Wannan kalmar na san ta, ita ce ta cinye wa Modu shekaru. Na ce a raina, su can aikinsu suke yi, Allah Ya sa su gama lafiya, amma wannan yatsan ba majalisa ce ta sa shi a tawada ba.

Na je wurin Bulama, mai unguwar su Modu, na roƙi a ba ni dama bayan sallar la'asar. Na miƙe a gaban sahu kaina ba hula. Ban taɓa jin kaina tsirara haka ba. Na faɗi komai: takardar gida, ƙaryar da na yi wa Modu, ƙaryar da na yi a kansa, har da hulunansu da na riƙa yawo da su. Sai wani dattijo mai ƙiba ya yunƙura daga gefe, ashe Alhaji Grema ne, wucewa yake salla ta same shi a nan.

Ya ce, “Kai tsoho, baƙar nan mai zare ja, sau nawa ta je kotu?”

Na ce, “Alhaji, ta fi ni sanin hanya.”

Ya ce, “La'ilaha illallahu! Shi ya sa take dawo mini da warin gumin wani!” Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya juya wurin Bulama ya ce, “Shekara da shekaru yaron nan yana wanke mini hula, ko zare bai taɓa tsinkewa ba. Tunda hulata ta yi ta zuwa kotu ba ni, gobe sai kaina ya raka ta. Wa zai zama na biyu?”

Bulama ya ce shi ne.

Ba gobe aka gama ba, sai da muka yi makonni muna sintiri, don a wannan karon an je an duba gidajen da ido. Ranar da aka fito da Modu ina tsaye can nesa da ƙofa. Ya rame, gashinsa ya yi furfura. Ya gaisa da Alhaji, ya gaisa da Bulama, sannan ya tako wurina. Na ce, “Modu, ka yafe mini.”

Ya daɗe yana kallon tsohuwar hular da ke kaina. Ya ce, “Wannan ta waye?”

Na ce, “Tawa ce, wallahi.”

Ya ce, “Ta yi kama da kai.” Sannan ya ce, “Maganar yafiya ka dawo wani lokaci, Baba. Ban shirya ba.”

Beli ne fa kawai. Shari'arsa tana nan, ni ne shaidarsa, kuma duk ranar da aka sa nakan riga masu shara isa kotu. Majalisa ma har yau ana kai. Ni kuma duk Juma'a nakan bi ta gindin darbejiyar nan in yi sallama, ya amsa, in tsaya kaɗan, ya ci gaba da wankinsa, in wuce.

Yara, ku ji daga bakin wanda ya yi. Kada ku dangwala yatsa ko ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba, ko da mai gemu fari ne ya gyaɗa muku kai. Kada ku tsaya wa wanda ba ku sani ba, kada kuma ku gudu daga wanda kuka sani. In an ba ku kayan mutum ku kai masa, ku kai a ranar, ko gwadawa kada ku yi. Ni daga gwaji na fara. Na tuba ga Allah, na kuma gama zaman da alƙali ya yanke mini. Wanda Modu zai yanke ne ban san ranarsa ba, kuma ba ni da bakin cewa an daɗe.