Katin Shawara da Tafiyar Goro

Akwai abin da ya same ni a tafiyata ta farko zuwa Gana wanda na san ba zai bar raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun ja, na yi tafiye-tafiye da yawa bayansa, wasu ma na manta garuruwan da na kwana, amma wannan yana nan daram.

A Agege aka haife ni, kuma goro shi ne sana'ar gidanmu tun kakanni. Lokacin da mahaifinmu ya tsufa, sai aka ce ni da ɗan kawuna mu karɓi hanyar. Ya girme ni da shekara biyar, Yaya nake ce masa. Mutum ne mai zafin nama, ba ya son jira ko a layin shiga motar haya ta danfo. A shekarar goron kusa ya yi wuya, sai muka yanke shawarar tsallakawa Gana, mu shiga ƙauyukan daji inda ake tsinko shi.

Ana saura kwana uku mu tashi na shiga kemis ɗin layinmu. Mai shagon wata dattijuwa ce Bayarabiya, kowa Mama yake ce mata. Ba irin masu sayar da magani da ka ba ce, ta yi karatun abin a jami'a, kuma ta ji Hausa ras saboda daɗewa a cikinmu. A wurinta mahaifiyata take karɓar maganin hawan jini. Na ce ta haɗa mini na ciwon kai da na gudawa, zan yi tafiya.

"Ina za ka?" in ji ta.

Na faɗa mata. Ta tambaye ni ko cikin gari zan zauna ko daji, da kwana nawa zan yi, da inda zan riƙa kwana. Sannan ta ce, "Ka yi allurar shawara?"

Na ce, "Ai shi ma ina so in tambaye ki, Mama. An ce akwai masu yin katin nan mai ruwan ɗorawa da ake nunawa a boda, ba sai an yi allura ba. Ko kin san wani?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ɗana, katin na ma'aikatan boda ne, allurar kuwa taka ce. Sauro ba ya karanta kati."

Ta zaunar da ni a benci ta yi mini bayani. Ta ce zazzaɓin shawara sauro ne yake kawo shi, kuma ya fi yawa a irin dajin da za mu shiga. Yakan fara kamar zazzaɓin da muka saba, sai ya lafa kwana ɗaya mutum ya ɗauka ya warke, sannan ya dawo da ƙarfinsa, ido ya yi rawaya. Ta ce idan ya kama mutum babu ƙwayar da za ta kashe shi, sai dai asibiti su tallafi jiki. Ta kwatanta mini ofishin lafiya da ake yi wa matafiya allurar, ta ce sai ta kwana goma a jiki kafin ta fara aiki.

Kwana goman nan ne ya ɓata mini rai. Na ce mota ba za ta jira ni ba. Ta ce, "To, jibi Hajiya za ta zo karɓar maganinta. Zan gaya mata abin da na gaya maka, sai ku daidaita."

Zan so in ce hankali ne ya sa na bi maganarta, amma ƙarya ne. Tsoron bakin mahaifiyata ne kawai. Washegari na hau mota ta Oshodi na je aka yi mini allurar. Da na dawo Mama ta ba ni gidan sauro da man shafawa mai korar sauro da maganin rigakafin maleriya, ta ce in zazzaɓi ya kama ni a can kada in sha asfirin, ta rubuta mini lambarta a bayan kwali.

Da na gaya wa Yaya zan makara sai allurar ta kwana goma, dariya ya yi. Ya ce, "Matar nan so take ta sayar maka da shagonta gaba ɗaya. Kakanninmu da ƙafa suka je Gwanja fataucin goro, wa ya yi musu allura?" Ni ma na taya shi dariya. Ban faɗa masa komai daga bayanin da aka yi mini ba, na dai ce tsohuwa ce ta matsa. Ya tafi a ranar da muka sa, ya sami katinsa a hannun wani mutum a bakin boda.

Na iske shi bayan mako biyu a wani ƙauye, ya riga ya tara huhunan goro masu kyau. Kwana huɗu da zuwana zazzaɓi ya kwantar da shi. Muka ce maleriya ce, ya sha magani. A rana ta huɗu da kwanciyarsa ya miƙe, ya ci sakwara, har ya fita duba kaya. Na tuna maganar Mama a lokacin, amma na ga mutum yana tafiya da ƙafarsa, sai na yi shiru.

Washegari da safe na kai masa ruwan alwala, ya ɗago kai, na ga farin idonsa ya koma kamar an ɗiga masa kurkur. Na fita waje na kira lambar da ke bayan kwalin.

Ba ta ɓata lokaci ba. "Ka kai shi babban asibiti yanzu, ba ƙaramin ɗakin shan magani ba. An yi masa allurar?"

Na ce yana da kati.

"Ba kati na tambaye ka ba."

Na ce ba a yi masa ba.

"To haka za ka faɗa musu. Kada ka bari katin ya yi magana a madadinsa."

Tafiyar awa biyu ce a motar goro. A asibitin wata nas ta karɓi takardunsa, ta ga katin, ta ce to tunda an yi masa allura sai su nemi wata cutar daban. Yaya yana kwance yana kallona, ya girgiza mini kai kaɗan, don yana tsoron kada a kama mu. Na ce mata katin saye aka yi. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ajiye shi gefe ta kira likita. Suka keɓe shi a cikin gidan sauro, suka sa masa ruwa, daga baya suka ƙara masa jini. Sun yi iya ƙoƙarinsu. A rana ta uku, bayan la'asar, ya cika. Hausawan zangon garin ne suka taya ni yi masa sutura, a can muka binne shi.

Bayan an share makoki a Agege na je kemis ɗin. Na shirya jin "ai na gaya maka", amma ba ta faɗa ba. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce, "Na tambaye ka inda za ka da inda za ka kwana, amma ban tambaye ka da wa za ka tafi ba. Da na tambaya, da na aika an kira mini shi."

Na ce, "Ba laifinki ba ne, Mama. Ni kika gaya wa, ni ne ban isar ba."

Na yarda kwanansa ne ya ƙare, babu mai ƙara wa wani ko daƙiƙa. Amma wannan bai wanke ni daga dariyar da na taya shi ba. Abin da na koya shi ne, idan masani ya ba ka shawarar da za ta tsare rai, ba taka ba ce kai kaɗai, amana ce ta duk wanda zai bi hanya tare da kai. Ka isar da ita yadda aka ba ka, ko da za a yi maka dariya. Dariyar mai rai ta fi sauƙin ɗauka a kan shirun da na dawo da shi daga Gana.