Daga Lamba Biyar Zuwa Talatin

A shekarun farin da ya cinye dabbobin ƙasarmu ta Kurfai, ni matar aure ce mai goyo a Filinge. Mijina ya tafi cirani kamar yawancin mazan garin, sai na koma gidanmu, inda babban wana ke riƙe da kowa tun rasuwar mahaifinmu. Ya yi aikin gidan waya a Yamai tun kafin 'yancin kai, kuma da Bafaranshen da ke shugabantarsa zai koma ƙasarsu, ya bar masa wani akwatin katako cike da sirāran kwalabe. Cikinsu ƙwayoyi ne farare masu zaƙi, kamar tsabar gero. Homeyopati ake ce wa maganin. Wana ya yarda da shi har zuciya, kyauta yake ba mutane, kuma a unguwarmu ba a musu da wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko.

Tari ya kama ni lokacin da muke cin anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, da dusa, don haka kowa ya ɗora wa yunwa. Wana ya zaunar da ni a zaure ya yi ta tambaya: ko tarin ya fi tsanani da safe ko da yamma, ko ruwan sanyi nake so, ko ta wane gefe nake kwanciya. Ba a taɓa sauraron ciwona haka ba, kuma na ji daɗi. Ya bayyana mini cewa kowace kwalba da lambarta, kuma lambar tana nuna yawan sirkawar da aka yi wa maganin da ruwa. A cewarsa, wanda aka fi sirkawa shi ya fi ratsa jiki. Na yi mamakin yadda abu zai ƙara ƙarfi don an tsinka shi, ni da na san abin da ruwa ke yi wa kunu. Ya fara ni da lamba biyar, ƙwaya uku a ƙarƙashin harshe safe da rana da yamma. Ya hana ni goro, ya hana ni taɓa ƙwayoyin da hannu.

Da tarin ya ƙi tafiya, ya ce lambar ce ta yi ƙasa, muka koma tara. Da zazzaɓi ya shigo ina jiƙa tabarma da gumi, ya ce alamar kirki ce, maganin ne ke tono ciwon kafin ya fitar da shi, sai dai a rage yawan sha. Daga baya ya ce ciwon ya yi zurfi, ya ɗauko talatin, a sha sau ɗaya a mako a jira. Na jira. Duk shawarar da yake yi da kansa a kan lamba take, ko a hau ko a sauka, ko a ƙara ko a rage. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa ba ko ciwon ya fi ƙarfin akwatin. Duk wannan lokaci 'yata tana kwana a jikina, ina tari a kanta.

Innarmu ce ta ga jini a bakin zanena. Ba ta taɓa ƙetare maganar ɗanta na fari ba, kuma ranar ma ba ta yi masa gardama ba. Ta fita kawai ta roƙi direban wata babbar mota da ta kawo jar dawar taimako, za ta koma Yamai ba kaya. Wana bai hana ba. Ya rako mu har bakin mota, ya danƙa mini kwalba ɗaya, ya ce in riƙa sha a hanya.

A asibiti aka ce tarin fuka ne, kuma ya daɗe yana cin huhuna. Likitan ya ce ƙwayoyin ba su cuce ni da kansu ba, kusan sukari ne, watannin da na zauna ne suka cuce ni. Na sha allura da magani na tsawon lokaci, na tashi da huhu ɗaya mai aiki. Yarinyar ta ɗauka daga gare ni, kuma jikinta ba shi da abin da zai yi yaƙi da shi. Ba ta ga damina ba.

Ban riƙe wana a zuci ba, don da nufin alheri ya yi. Ya yi kuka fiye da ni. Amma har ya bar duniya, in zancen ya taso, cewa yake wataƙila ya yi gaggawar tsallakawa daga tara zuwa talatin.

Abin da na koya shi ne, mutum yana iya ƙware wa awon magani alhali bai san ciwon da yake aunawa ba. Duk wanda tari ya daɗe a ƙirjinsa, ya je a duba shi tun yana iya tafiya da ƙafarsa. In kuma aka ce muku ƙaruwar ciwo alamar sauƙi ce, ku tambayi mai maganin ranar da zai yarda cewa bai yi aiki ba. In ba shi da ranar, ku ɗauki 'ya'yanku ku tashi.